Ba Mu Ji Ƙararrawa Ba

A ƙauyenmu mutum bai mutu ba sai ƙararrawar coci ta ce ya mutu. Ko ka ga gawa da idonka, ba za ka ɗauki kyandir ka nufi gidan makoki ba sai an buga. Zagaye uku in namiji ne, biyu in mace ce, safe da rana da yamma har a kai mamaci makwancinsa. Da ta fara kowa zai ajiye abin da ke hannunsa ya fito bakin ƙyaure, maza su cire hula, a jefa wa maƙwabci tambaya ta kan shinge: "Wa aka yi wa?" Daga nan mata su ɗaura baƙin ɗankwali a ɗunguma. Haka muka taso muka tarar, kuma ba wanda zai koya mini wannan, don mijina Ilarie ne ke jan igiyar tun kafin gashin kansa ya zube. Ya buga wa ɓarawon tumaki. Ya buga wa mashayin da ya faɗa rijiya. Ya buga wa yaranmu da suka mutu a gonakin Italiya da Sifen aka dawo da su cikin akwati, har wanda ba a samu kuɗin dawo da shi ba ya buga masa. Ban taɓa jin an tsaya tambayar asalin kowa ba.

Safiyar Laraba ta makon zaɓe ina watsa wa kaji tsaba, sai ga maƙwabciyata Profira a bakin shingen da ya raba mu, kai ba ɗankwali, ƙafa ba takalmi.

"Veta," ta ce, "Likita ya tafi. Ya sha shayinsa, ya sunkuya zai ɗaure takalmi, shi ke nan. Ki ce wa Ilarie ya buga."

Ko ita da ta haifa masa 'ya, Likita take kiransa. Sunansa Yilma. Daga Habasha ya zo Romaniya karatu zamanin gurguzu, yana saurayi dogo baƙi siriri, gwamnati ta turo shi nan duba dabbobi na ɗan lokaci, ya ga Profira tana wanki a rafi, ɗan lokacin ya zama shekara arba'in da 'yan kai. Babu saniya a kwarin nan da ba ta san hannunsa ba. Da aka rufe mana asibiti, har zazzaɓin yara da hawan jinin tsofaffi wajensa ake kai wa. Zai ce, "Ni fa na masu ƙafa huɗu ne," sannan ya ɗauko abin awonsa. Ashar ɗin harshenmu kuwa ya fi makiyaya iyawa. Kowace Lahadi yana tsaye a cikin coci can baya ta hagu, hularsa a hannu.

Ilarie ya gicciye ƙirjinsa, ya zura riga ya fita. Na shiga wajen Profira muka rufe madubai, muka buɗe tagogi, kunnena na waje. Shiru. Can sai ga shi ya dawo, hannu cikin aljihu, yana kallon ƙasa.

"An sa kwaɗo a ƙofar hasumiya."

"Kwaɗon me?"

"Sabo fil. Makullin na wajen Tavi."

Tavi Buzdea shi ne shugaban kwamitin coci, shi ke da shagon taki da mashayar da ke jikinsa, kuma shi ne ɗan takarar magajin gari na Jam'iyyar Tushen Ƙasa, waɗanda kowa ke kira 'yan Zakara saboda jan zakaran da ke goshin hulunansu.

'Yan shekarun baya 'yan Zakaran ƙauyenmu ba sa cika tebur guda a mashaya, dariya ake musu. Kuma kada wani ya ɗauka ina kare tsofaffin jam'iyyu ne, Allah ya isa tsakanina da su. Su suka rufe asibiti, su suka soke motar safe, titin da suke mana alkawari tun ina amarya har yau akuya na karyewa a kansa. Mutane sun ƙoshi da haushi, kuma da gaskiyarsu. Sai 'yan Zakara suka zo suka nuna musu inda za su sauke shi. Kowace waya ta cika da bidiyon jiragen ruwa maƙare da baƙi. Kowace yamma talabijin na nuna sakamakon jin ra'ayin jama'a, zakara na hawa, sauran na gangarowa. Mutanenmu kuwa ba abin da suka tsana irin a ci zaɓe ba da su ba. Da suka ji inda iska ta juya, huluna suka bazu kamar ƙyanda. Har 'ya'yanmu da ke wanke tsofaffin Italiya ana ce musu ɓarayi a can, su ke bugo waya su ce wa iyayensu a dangwala wa Zakara kada baƙi su cika ƙasa. Wace ƙasar? Ƙauyen da rabin gidajensa a kulle suke, wanda ko mai tallan tukwane ya daina zuwa? Baƙo ɗaya tal muka taɓa yi, shi ma da hannunsa har kafaɗa a cikin shanunmu. In ana wannan surutu a gabansa sai a dafa shi a ce, "Ba da kai muke ba, Likita, kai ai namu ne." Yakan yi murmushi ya ci gaba da wanke hannu.

Ilarie ma ya kwaso hula guda. Wai tana rufe kunne da kyau.

Na tarar da Tavi a kan tsani yana ɗaure ƙyalle a ƙofar mashaya, an rubuta ƘASARMU, JININMU da manyan baƙaƙe. Maza kamar biyar na zaune a benci da 'yan kofunansu tun da farar safiya.

"A'a, Gwaggo Veta! Na ji abin da ya faru. Allah ya gafarta masa, mutumin kirki."

"Mutumin kirkin na can kwance yana jiran ƙararrawa. Miƙo makulli."

"Ai matsalar ke nan, Gwaggo. Katakon da ke riƙe da ita ya tsage. Ba zan bari Kawu Ilarie ya ja ta faɗo masa a ka ba."

"Ranar Lahadi lafiyarsa ƙalau katakon. Yaushe ciwon ya kama shi?"

"Jiya aka gano."

"Jiya Likita na da ransa. Kai Tavi, sauko ka kalle ni. Ranar da karen Zamfir ya yage maka cinya, wa ya ɗinke? Ni na danne ƙafarka, kana ihu kana kiran uwarka, ka jiƙe mini zane da fitsari. Ko katako ya tsage a nan ma ka manta?"

Na benci suka kwashe da dariya. Ya sauko fuska ta yi ja, ya ja ni gefe ya sassauta murya.

"Gwaggo, ki fahimce ni mana. Jibi ne gangamin ƙarshe, manya za su zo daga birni da masu kyamara. 'Yan adawa jira kawai suke. Su ɗauka ana buga ƙararrawar kakanninmu safe da rana da yamma saboda ɗan Afirka, a garina, su watsa a ce Tavi baki biyu gare shi? Tazarar da ke tsakanina da wancan ɓarawon da nake karawa da shi ba ta wuce silin gashi ba. Ku yi haƙuri zuwa Litinin."

"Gawa ce za ta yi haƙuri zuwa Litinin?"

"Kuma in za a bi ƙa'ida, cocinsu na Habasha daban yake da namu. Ki tambayi Fada."

Daga benci Gavrila makiyayi ya tsoma baki. "Gaskiya dai ƙararrawa ta 'yan ƙasa ce."

"Kai Gavrila, rufe mini baki! Bara da ciwon kofato ya shiga garkenka, ɗan ƙasa ne ya shiga kashin tumakinka har gwiwa? Ɗan ƙasa ne ya ce ka bari sai ka sayar da cuku?"

Ya zura ido cikin kofinsa kamar ya ga wani abu a ciki. Tavi kuwa ya koma kan tsaninsa.

Fada Gherasim, limamin cocinmu, na bayan gidansa yana duba amyar zuma. Ya saurare ni har na gama, raga rufe da fuskarsa.

"Inna Veta, zan yi masa addu'a, zan raka shi har kabari, wannan aikina ne. Hasumiya kuwa ta kwamiti ce."

"Fada, shekara nawa kuna sa masa gurasa mai tsarki a baki? Ran nan ba ku san cocinsu daban ba ne?"

"Ban ce daban ba ne. Na ce..." Ya kore ƙudan zuma daga hannunsa. "Rufin cocin nan yoyo yake. Kuma duk wanda ya ci ranar Lahadi, da shi zan zauna."

Na sumbaci hannunsa don haka aka saba, amma bakina ɗaci yake yi har na isa gida.

"Ɗauki guduma ka fasa kwaɗon," na ce wa Ilarie.

"In fasa ƙofar ɗakin Allah? Veta, kina cikin hankalinki?"

"Ɗakin Allah ne ko shagon Tavi?"

"Za su kira 'yan sanda. Za su karɓe igiyar su ba wani."

"Su ba wani mana! Igiyar da ba za ka ja wa maƙwabcinka ba, ta me ce? Ta shanya?"

Ya zauna a kan kututture ya haɗa kai da gwiwa. Ilarie ba mugu ba ne, da ƙullun burodi aka yi shi, duk wanda ya danna sai yatsansa ya fito. Shi ya wanke Likita da hannunsa ran nan, yana yi yana kuka, ya sa masa rigar da ya yi aure da ita. Amma guduma bai ɗauka ba. Na fizge hular Zakaran daga ƙusa na jefa ta cikin akurki, kaji suka yi abin da suka ga dama da ita.

Profira ta yi girki irin wanda ake yi wa mutumin da kwari guda ya sani. Mun naɗe kabeji da nama har yatsunmu suka yi tsami, mun gasa burodi, mun dafa alkamar mamaci da zuma da gyaɗa a faranti mafi girma, ta zana gicciye a kai da sukari. Aka jera benci a tsakar gida, aka buɗe ƙyaure har bango. 'Yarsu Ilinca, wadda ke aikin jinya a birni, ta iso da mijinta da yamma. Ban da su ba wanda ya shigo. Profira na zaune wajen kan Likita, inda aka shimfiɗe shi a kan tebur, duk keken dokin da ya wuce sai ta ɗaga kai ta gyara ɗankwali.

Ranar Alhamis na ce tunda an kulle ta ƙarfe, ni zan zama ƙararrawar. Na fara da Safta, wadda muka yi makaranta tare mu uku da Profira.

"Safta, Likita ya rasu."

"Wayyo Allah! Haka na ji ana ta faɗa."

"To ɗauro ɗankwali mu tafi."

"Ai ba mu ji ƙararrawa ba, Veta."

"Ga ni a gabanki na faɗa miki da bakina."

"Bakinki daban, ƙararrawa daban. Kin san al'ada. Uwata ta ce wanda ya shiga gidan gawa kafin a buga, wata gawar yake janyowa gidansa."

"Uwarki ta kuma ce a bar maƙwabciya ita kaɗai da mijinta a kan tebur?"

Ta leƙa titi hagu da dama, ta matso. "Ke ba ki da ɗa a gida. Itacen hunturu daga hannun magajin gari yake fitowa, kuma kowa ya san wanda zai ci. Da an buga, wallahi ni ce ta farko."

Na bi layin har ƙarshensa, na tsallaka gada na bi ɗayan. Magana ɗaya ce a kowane ƙyaure, kamar tare da hulunan aka raba ta: ba mu ji ƙararrawa ba. Wasu da kunya suke faɗa, wasu da sauƙin rai, don an sama musu mafaka. Abin da kakanninmu suka kafa don kada kowa ya kwanta shi kaɗai, shi suka shige ƙarƙashinsa suka ɓuya, suna kuma ganin su ne masu riƙon al'ada. Na yi zagi ran nan har muryata ta dushe, kuma ba na neman gafarar ko kalma ɗaya.

Mutum ɗaya ya zo, tsoho Zamfir, kurma, yana dogara sanda, kyandir a aljihu. Na yi masa ihu a kunne cewa ba a buga ba fa. Ya ce, "Ni rabona da jin ƙararrawa tun kafin a rufe asibiti, na fasa zuwa makoki ne?" Ya kunna kyandir ɗinsa ya zauna. Matar Gavrila kuma ta biyo ta cikin gonar masara ta baya, ta ajiye kwandon ƙwai a bakin taga ta gudu kamar ta zo sata.

Da na dawo Profira ta kama hannuna.

"Veta, ko ba su sani ba ne?"

"Sun sani."

"A'a, ba su ji ba ne. Da sun ji da sun zo. Ai shi nasu ne, su suke faɗa." Ta juya wajen taga. "Wataƙila da yamma a gyara katakon."

Na shiga madafa na hau goge tukunyar da ba ta da datti.

Juma'a aka fita da shi. A wajenmu dangi ba sa ɗaukar nasu, maƙwabta ke sa kafaɗa, ana karɓa-karɓa har maƙabarta. To wa zai karɓi wa? Muka wanke keken dokin Ilarie, wanda yake kwasar taki da shi, muka shimfiɗa darduma, muka ɗora Likita. Fada a gaba, Ilarie riƙe da linzami, Profira da 'yarta a baya, sai ni da surukin da Zamfir yana jan ƙafa. Hanyar maƙabarta guda ce, kuma ta tsakiyar dandali ta bi.

Dandalin ya cika ya tumbatsa. Motocin safa sun kwaso mutane daga ƙauyukan tudu, ana gasa nama, hayaƙi ya turnuƙe, tutoci ko'ina. A kan dandamali wani mai taye a wuya daga birni na daka wa lasifika ihu kan al'adun kakanni da yadda baƙi ke son shafe su. Baƙin da suka zo a mota ban ga laifinsu ba, ba su san ko waye a akwatin ba, wasunsu ma sun gicciye ƙirji. Namu nake kallo. A ƙauyen nan in gawa za ta wuce, ko faɗa ake a tsaya, ko kiɗan aure ne a kashe, kowane namiji ya tuɓe hula. Na gan su ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ya ceci shanunsu, waɗanda ya sauke wa 'ya'yansu zazzaɓi. Wannan ya duƙufa kan waya, wancan ya tuna igiyar takalminsa ta kwance. Gavrila ya kai hannu ya ɗaga hularsa rabi, ya hango Tavi a kan dandamali, sai ya sosa ƙeya ya mayar da ita. Lasifikar ko rage ta ba a yi ba, Fada na addu'a bakinsa kawai ake gani yana motsi.

Profira ba ta kalli kowa ba. Tana tafe miƙe kamar an sa mata sanda a baya. Sai da muka zo daidai coci ta ɗaga kai ta dubi hasumiya, ta rage sauri, har Ilinca ta ja hannunta. Har a lokacin tana jira. Ilarie na kuka a gaba, dokin ma sai da ya waiwaye shi.

Muka binne shi, muka dawo muka zauna a bakin teburin da aka shirya wa gari guda. Mu bakwai ne har da Fada. Zamfir ya ci iyakar cinsa, Allah ya saka masa. Sauran abincin Ilinca ta loda a mota ta kai gidan marayu a birni. Daga ranar Profira ba ta sake tambayata ko sun ji ba. Ta rufe ƙyauren da kanta, ta sa sakata.

Lahadi na je na dangwala wa abokin karawar Tavi, tsohon ɓarawon, ina toshe hanci. Litinin da safe rediyo ta ce Zakara ya yi cara a rabin ƙasar. A ƙauyenmu kuwa Tavi ya lashe kusan komai, abokin karawarsa ko ƙurar bayansa bai gani ba. Tazarar da ya ce silin gashi ce, ashe ko an kwana ana buga wa Likita ƙararrawa mako guda ba za ta girgiza ba. A banza ya yi abin da ya yi. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Hantsi ya ɗaga sai ga shi a ƙofar gidanmu cikin kwat, yana ƙamshin turare, makulli na lilo a yatsansa.

"Kawu Ilarie! An gyara katakon."

"Kafinta ya zo cikin akwatin zaɓe ke nan," na ce.

Ya yi dariya, dariyar wanda ya ci. "Gwaggo Veta ba ta canzawa. Kawu, je ka buga wa Likita. Zagaye uku, yadda ya kamata, kada ka rage masa komai. Ai namu ne. Ba za a ce a zamanina an bar mutum irinsa ba ƙararrawa ba."

"Kai ko kunya ba ka ji?"

"Haba Gwaggo, siyasa ce, kuma an gama. Yanzu duk ɗaya muke. Har fure na aika a sayo."

"Ilarie," na ce, "in ka taɓa makullin nan, ka nemi mai dafa maka tuwo."

Ya dube ni, ya dubi makullin. Idonsa ya kawo ruwa.

"Haƙƙinsa ne, Veta. Tun Laraba hannuna ke mini ƙaiƙayi. Ko ba don su ba."

Ya karɓa ya tafi. Sau ɗaya a rayuwarsa ya yi taurin kai, shi ma a inda bai kamata ba.

Ba zan yi ƙarya ba, bai taɓa buga ta kamar ran nan ba. A hankali, da nauyi, kowane bugu sai ya gama ratsa kwarin ya dawo kafin na gaba ya bi. Ina tsaye a bakin ƙyaurena na ga abin da ban yi zaton zan gani ba. Ƙofofi suka fara buɗewa. Maza suka fito suna tuɓe hulunan Zakara, suna riƙe su a ƙirji. Murya ta tashi ta kan shinge:

"Wa aka yi wa?"

"Likita ne!"

"Wayyo, Likita! Allah ya gafarta masa!"

Kamar yanzu labarin ya sauka daga mota. Kuma kukan gaske suke, na ga hawayen Safta da idona, na ga Gavrila na fyace hanci da hannun riga. Da munafunci ne tsagwaronsa da ya fi mini sauƙi. Sun so shi, iyakar dai sai da aka ba su izini. Kafin a gama zagaye na farko titi ya yi baƙi da ɗankwali, kowa da kyandir a kunne yana kare shi da tafin hannu, wasu da furen kaka da suka tsinko a lambu. Tavi a gaba, ya rungumo wani ƙaton kambin fure mai ƙyalle da sunansa a jiki. Suka taru a ƙofar Profira, suka tarar da ƙyaure a rufe.

Ba su daɗe ba ta fito. Ta sauko daga baranda cikin baƙaƙen kaya, ta tako har bakin ƙyauren, ba ta taɓa sakatar ba. Ta ɗora hannu a kan shinge yadda kowa ke yi in an buga, ta karkata kai ta saurara, sannan ta dubi Safta.

"Wa aka yi wa?"

Safta ta haɗiye kuka. "Haba Profira. Likita mana."

"Likita?" Ta girgiza kai. "A'a. Shi mun kai shi tun Juma'a. Ta gabanku muka wuce, kuna cin nama."

Safta ta sunkuyar da kai tana kallon kyandir ɗinta.

"Inna Profira," Tavi ya fara, yana miƙa furen ta saman ƙyaure, "a madadin al'ummar..."

"Wannan wani ne ya mutu," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Ku tambaya gaba."

Ta juya ta hau baranda, ta shiga, ta rufe ƙofa. Muka ji ta tana jan tagogi ɗaya bayan ɗaya.

Suka tsaya cirko-cirko a titi, kakin kyandir na ɗiga a yatsunsu, ba mai iya shiga, ba mai iya zama na farkon juyawa. Can sama Ilarie ba ya ganin komai, ya shiga zagaye na uku da dukkan ƙarfinsa. Tavi ya waiwayo ya gan ni a bakin ƙyaurena, furen na neman suɓuce masa.

"Gwaggo Veta, ki yi mata magana mana. Jama'a na jira."

Na kai hannu bayan kunne.

"Me ka ce? Ban ji ba. Ƙararrawa ta cika mini kunne."